Kason Ɗan Rakiya a Alhakin Fim

Ranar 9 ga Afrilu 2024, ana jajibirin ƙaramar Salla, Saratu Giɗaɗo da aka fi sani da Daso ta rasu a Kano. Kafafen labarai suka yi abin da suka saba yi wa ɗan fim idan ya kwanta dama, wato suka jero fina-finanta tun daga Linzami da Wuta na shekarar 2000, suka bi ta kan Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani, har zuwa masu dogon zango na 'yan shekarun nan. A kusan dukkansu ba ita ce jaruma ba. Ita ce kishiyar uwa, ita ce uwar miji mai ƙulla sharri, ita ce mai kai kuɗi gidan boka. Duk sanda irin wannan mutuwa ta faru, bayan "Allah Ya jiƙan rai" akan ji wata magana ta biyo baya, kuma ana jin ta a majalisun Jabo da Dogon Daji da Sanyinna da Kebbe na ƙasar Sakkwato kamar yadda ake jin ta a Fagge ta Kano: a goge fina-finan mamacin, domin duk wanda ya kalla ana rubuta masa zunubi a kabarinsa. Masu wannan magana sun ɗauki jerin fina-finan mutum tamkar littafin ayyukansa ne aka buɗe a gaban jama'a. Ina ganin sun yi kuskure a lissafi, ko da yake ba su yi kuskure ba da suka ce akwai lissafi. Alhaki a shari'a yana bin sani da niyya da iko, kuma idan aka auna da waɗannan ukun, ɗan wasan da ke rakiyar jarumi yana da kaso, amma kason nasa ƙarami ne, kuma yana wani wuri dabam da inda jama'a ke nuna shi da yatsa.

Sai an san yadda aikin yake kafin a yi masa hukunci. Tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, akwai 'yan wasan rediyo da talabijin da suka yi suna: Usman Baba Pategi a Samanja, Ƙasimu Yero a Karambana, Ƙarƙuzu a Jos, da 'yan Idon Matambayi da mutanen ƙasar Sakkwato ba su manta da su ba. Da fim ɗin bidiyo ya kankama, ya karkata ga soyayyar samari da 'yan mata, sai dattawan wasa suka koma gefe suna riƙe wa yara labari. Soyayya ba ta zama labari sai da uban da zai ce a'a, da uwar da za ta yi kuka, da limamin ɗaurin aure, da alƙali, da mai gadi, da boka. Waɗannan gurabe su ne abincin irin su Isa Bello Ja da Bashir Nayaya da Tahir Fagge da Hajara Usman da marigayiya Zainab Booth da marigayi Umar Malumfashi. Yadda aka saba shi ne a kira mutum a waya, ya zo lokeshan, darakta ya gaya masa ga abin da ake so ya faɗa, sau da yawa ya zuba maganar da bakinsa, ya yi sin biyu ko uku, a sallame shi, ya wuce wani aikin. Waƙoƙin fim ɗin wata rana dabam ake ɗaukarsu, a wani wuri dabam, ba ya nan. Haɗa hoto ana yin sa ne bayan makonni, nan ma ba ya nan. Wani lokaci sunan fim ɗin kansa sai ya fito kasuwa yake jin sa. Shi ya sa jerin fina-finan ɗan rakiya kan fi na jarumi tsawo, alhali hannunsa a cikin kowane ɗaya bai kai rabin na jarumin ba.

Akwai wanda zai tare hanya tun daga nan ya ce wasan kwaikwayo haramun ne daga tushensa, don haka babu zancen rabon kaso. Wannan ra'ayi yana da malamai. Ahmad al-Gumari na Maroko ya rubuta littafi a kan haramcinsa, haka ma Bakr Abu Zaid na Saudiyya, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kwaikwayo ƙarya ce da kwaikwayon mutanen banza. Wasu kuma, irin su Yusuf al-Ƙaradawi a littafinsa na halal da haram na 1960, sun ɗauki sinima a matsayin kayan aiki wanda hukuncinsa ke bin abin da aka zuba a ciki. Masu halattawa suna kafa hujja da zuwan Mala'ika Jibrilu cikin siffar baƙo mai tambaya, da mala'ikan da ya je wa kuturu da mai sanƙo da makaho a siffar mabuƙaci domin jarraba su, da Annabi Sulaimanu da ya nemi wuƙa kamar zai raba jariri biyu alhali ba nufinsa ke nan ba. Ni a ganina ƙarya ba ta tabbata sai da nufin a sa mai ji ya gaskata abin da ba haka yake ba, kuma babu mai kallo a Jabo da ya zaci Isa Bello Ja shi ya haifi duk 'yan matan da ya aurar a fim. Amma ko an bar wannan, mas'ala ce ta saɓani, kuma mutanen Tambuwal, ƙasar da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, sun fi kowa cancantar tuna matsayin da Shehu Usmanu ya tsaya a kai a littattafansa na baya-baya irin su Najmul Ikhwan, inda ya ja kunnen almajirai kan tsananta inkari a abin da malamai suka yi saɓani. Wanda ya riƙi haramcin gaba ɗaya ya riƙi ra'ayi mai daraja, sai dai ra'ayin ya hau kan mai kallo kamar yadda ya hau kan mai yi. Mafi yawan masu cewa a goge fina-finan mamaci kuwa sun san fina-finan ne saboda sun kalle su.

Abin da ya fi jawo wa ɗan rakiya baƙin jini shi ne fitowa a mugu. Daso ta sha wannan, Alasan Kwalle da Shu'aibu Kumurci sun sha. Amma malamai sun daɗe da rarrabe mai faɗin kafirci da mai ba da labarinsa. Alƙur'ani ya hakaito da'awar allantaka ta Fir'auna, liman yana karanta ta a tahajjudi, yana samun lada a kan kowane harafi. Fim ɗin Ar-Risala na Mustafa Akkad da ya fito a 1976, wanda gidaje da yawa a ƙasar Hausa suka fara ganin siffar Badar da Uhudu a cikinsa, ba zai yiwu ba sai da wanda ya yarda ya zama Abu Jahil da wadda ta yarda ta zama Hindu. A na Larabcin, Hassan al-Jundi da Muna Wasif ne suka ɗauki wannan nauyi domin Abdullahi Gais ya samu zama Hamza. Idan mai kallo ya tashi daga fim yana tsanar makircin kishiya, to wadda ta yi makircin ta isar da saƙo fiye da wadda aka yi wa. Iyakar da ke nan a bayyane take. Akwai aikin da ake iya kwaikwaya ba tare da an aikata shi ba: kisa a fim ba kisa ba ne, giyar cikin kwalbar ruwa ce, satar ba ta rage wa kowa dukiya ba. Akwai kuma aikin da kwaikwayonsa shi ne aikata shi: wadda ta buɗe jikinta a gaban kyamara ta buɗe shi da gaske, wanda ya taɓa wadda ba muharramarsa ba ya taɓa ta da gaske, wanda ya yi izgili da addini ba ya tsira da cewa wasa yake, kuma Suratut Tauba ta riga ta amsa wa masu irin wannan uzuri. Idan aka riƙe wannan ma'auni aka duba fina-finan Hausa da idon adalci, za a tarar kashi na biyun ya fi taruwa a wurin rawa da waƙa da shigar jaruma, inda tsohuwar da ke fitowa a muguwar uwar miji ba ta leƙawa.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta taimakekeniya. Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan saɓo, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai cin riba da mai bayarwa da marubucinta da shaidunta biyu a tsinuwa ɗaya, ya daidaita su. Hadisin giya ya haɗa mutum goma, har da mai ɗaukarta. Mai suka zai ce: marubucin riba ɗan rakiya ne, bai ci ribar ba, amma ba a rage masa komai ba, to me zai sa a rage wa ɗan rakiyar fim? Amsar tana cikin hadisin kansa. Marubucin riba yana rubuta ribar ce da hannunsa, yana karanta adadinta, kuma yarjejeniyar haramun ce daga farkonta zuwa ƙarshenta, ba ta da wata fuska ta halal. Fim kuwa gauraye ne, kuma ɗan rakiya yakan yi sashen da shi kansa babu laifi a cikinsa, wani ya haɗa shi daga baya da sashen da ke da laifi. Malaman Malikiyya sun yi wa irin wannan bayani mai kyau. Al-Ƙarafi ya kasa hanyoyin da ke kaiwa ga ɓarna kashi uku: wadda aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar mutane, wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi duk da cewa da shi ake giya, da wadda aka yi saɓani a kanta. Ba a hana manomi shuka inabi, amma a mazhabar an hana shi sayar da shi ga wanda ya san matsewa zai yi ya yi giya. Abin da ya raba halin biyu shi ne sani. Dattijon da aka kira ya fito a uban yarinya a fim ɗin da bai san cikinsa ba yana kusa da mai shuka inabi. Wanda furodusan da ya shahara da batsa ya kira, ya kuma san abin da za a jingina wa fuskarsa, ya koma mai sayar wa mai giya.

Sai dai rashin sani ba katanga ba ce da za a ɓuya a bayanta har abada, kuma a nan dole a ba mai suka gaskiyarsa. Duk yaron da ya ɗauki Ahalari a zauren malam a Jabo ya wuce ta wurin da aka ce baligi ba ya shiga aiki sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya kuma tambayi masana. Wanda ya shekara ashirin a masana'antar ya san kowa, ya san furodusan da ke kunyar idon jama'a da wanda ba ya ji. Idan ya ƙi tambaya domin kada amsar ta hana shi karɓar kuɗi, to rashin sanin nasa na ganganci ne, kuma shari'a ba ta ba irinsa uzuri. Talauci ma yana da iyakar abin da yake halattawa, domin larura ana auna ta ne da gwargwadonta. Saboda haka ba a cewa kason ɗan rakiya sifili ne. Abin da ake cewa shi ne a duba ikon da yake da shi a lokacin da zai yi tambayar. Jarumin da sunansa ke sayar da fim yana iya cewa a cire wannan waƙa ko ya fasa, a kuma cire. Tsohon da ake biya kuɗin sin biyu, idan ya nemi a ba shi labarin ya karanta, gobe wani tsohon za a kira. Dukkansu an ɗora musu tambaya, amma wanda tambayarsa ke iya canza fim da wanda tambayarsa ke iya raba shi da abincin dare ba su zama ɗaya a ma'auni.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga irin wannan rabo, domin ƙasar makaɗan fada ce. Kowa ya san waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo ba ta tsayuwa sai da 'yan amshi, kuma Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Idan waƙa ta yi wa wani ɗan sarki zambo, makaɗin ake nema, domin shi ya ƙulla ta, shi aka ba doki da riga, 'yan amshi kuwa abin da ya yaga musu suke samu. Amma babu mai cewa ɗan amshin da ya ƙara wa zambon gishiri da bakinsa ba shi da hannu a ciki. Jama'a sun iya wannan adalci a kan waƙa tun kaka da kakanni, kuma babu dalilin da zai sa ya gagare su a kan fim.

Wurin da nake ganin kason ɗan rakiya ya fi nauyi, jama'a ba su cika kallonsa ba. 'Yan fim suna yawan cewa faɗakarwa suke yi, kuma a wasu ayyukan gaskiya ne. A wasu kuwa faɗakarwar mayafi ce. A shafe awa biyu ana nuna holewa da ƙawata ta, da motoci da gidaje da rawa, sannan a minti biyun ƙarshe a kawo dattijo mai furfura da rawani da carbi ya yi nasiha, ya ce ƙarshen alewa ƙasa. Wannan dattijo ya ba fim ɗin aron mutuncinsa. Da fuskarsa ne ake shiga da shi gidan da da ba zai shiga ba, da nasiharsa ne ake kare shi a gaban masu tacewa da gaban iyaye. Idan ya san haka ake amfani da shi, to aikinsa ya fi kama da na shaidun nan biyu na hadisin riba, domin shaida aikinsa shi ne ya ba abu kamannin inganci. Ta wannan fuska, mai fitowa a malam yana iya ɗaukar abin da mai fitowa a boka bai ɗauka ba. Boka a fim ɗin Hausa kusan kullum tozarta yake ƙarewa, mai kallo ya tashi yana ƙyamarsa. Malamin ƙarshen fim kuwa shi ke wanke abin da ya gabata. Jama'a suna jifan mai fitowa a boka a kasuwa da baƙar magana, suna gaishe da mai fitowa a malam da girmamawa, saboda sun saba hukunta rigar da aka sa wa mutum.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan mas'ala da yake addini ne tsantsa, amma ba a cika jin sa a kan mumbari ba. Abin da ke tsakanin furodusa da ɗan wasa ijara ce, kuma littattafan fiƙihun da ake karantawa a ƙasar nan, daga Risala zuwa Muhtasar, sun shardanta a san aikin a kuma san ladan kafin a fara. Al'adar "zo ka yi, za a sallame ka" ta rasa sharuɗɗan biyu a lokaci guda, domin ba a faɗi cikin aikin ba, ba a yanka kuɗin ba. A Fabrairun 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa a wannan sana'a, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce 'yan dubbai ƙalilan ba. Wasu manyan masana'antar sun musanta, sun faɗi abin da su suka biya ta, aka yi ta ja-in-ja. Ko wa ke da gaskiya a kan adadi, rigimar kanta ta nuna babu wani rubutaccen abu da za a koma gare shi. Abdullahi Shu'aibu Ƙarƙuzu, wanda ya rasu a Maris 2025, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, kuma sai da ya fito neman taimako kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya share masa hawaye da gida. Imamu Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi da ya sa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi haƙƙinsa, cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. A ɗaya gefen kuma, an kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001. An ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Iyan-Tama a 2008. An yi caa a kan shirin gina alƙaryar fim a Kofa a 2016 har gwamnatin tarayya ta janye. Duk wannan kishi an yi shi da sunan addini, kuma wani sashensa yana da dalili. Irin wannan hayaniya ba ta taɓa tashi ba a kan haƙƙin tsohuwar da ta yini a lokeshan ta koma gida da kuɗin mota.

Wani zai ce wannan karkatar da zance ne, domin zaluncin da aka yi wa mutum a lada ba ya goge laifinsa a aiki, kuma ƙa'idar nan ta cewa mai cin amfanin abu shi ke ɗaukar lamuninsa ƙa'ida ce ta ciniki, ba ta zunubi ba. Haka ne. Amma bin sawun kuɗi yana nuna inda shawara take. Wanda ya zuba jari shi ya zaɓi labari, shi ya ce a ƙara waƙa don fim ya sayu, shi ke da tashar YouTube da kuɗin talla ke shiga, shi kaɗai ke iya sauke fim ɗin gobe idan ya ga dama. Nassosi kuma sun bambanta jagora da mabiyi a zunubi kansa. Suratun Nahli ta yi maganar waɗanda za su ɗauki nauyinsu cikakke tare da wani abu daga nauyin waɗanda suka ɓatar ba da sani ba. Wasiƙar Manzon Allah (SAW) zuwa ga Hiraƙla ta ɗora masa laifin talakawansa idan ya juya baya. Kuma abin lura shi ne al'ada ɗaya ce ta haifi matsalolin biyu. Furodusan da ya ɓoye wa ɗan wasa labari shi ne ya ɓoye masa farashi, ya bar shi cikin duhu a kan abin da zai ci da kuma abin da za a tambaye shi. Wanda ya hana mutum sanin da zai yi zaɓi da shi ya jawo wa kansa wani yanki na zaɓin.

Saura batun kabari. Gaskiya ne Suratu Yasin ta ce ana rubuta abin da mutane suka gabatar da kuma gurabun da suka bari, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya assasa mummunar hanya yana da kwatankwacin zunubin masu binta. Babu mai hankalin da zai raina wannan gargaɗi, kuma ɗan wasan da ke raye ya kamata ya hana shi barci. Amma hadisin yana magana ne a kan wanda ya assasa, kuma mun ga wa ke assasawa. Sannan fim ɗin da ke yawo bayan mutuwar ɗan rakiya, rayayyu ne ke yawo da shi: mai tashar da ya bar shi a intanet, da mai shagon da ke tura shi a memori a kasuwannin ƙauye, da wanda ya ba da kuɗinsa aka tura masa. Mamacin bai mallaki fim ɗin ba yana raye, magadansa ba su gaje shi ba, ba su da makullin goge shi. Idan ya tuba kafin ya mutu daga abin da ya san ya yi ba daidai ba, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa, kuma babu wanda ya leƙa tsakaninsa da Ubangijinsa ya ga bai tuba ba. Idan kuma gurabu ake lissafawa, to a lissafa duka. Matar da ta sassauta wa ɗan kishiyarta saboda ta ga muninta a fuskar Daso ita ma gurbi ce, kuma babu jaridar da za ta iya sa ta a jeri. Wannan ne ya sa jerin fina-finai ba zai taɓa zama littafin ayyuka ba, domin jerin yana ƙirga fitowa ne kawai, ba ya ɗauke da niyya, ba ya ɗauke da aikin da mutum ya ƙi karɓa, ba ya ɗauke da abin da ya yi da kuɗin. An hana zagin matattu a hadisin Buhari da dalilin cewa sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, aka gafarta wa wanen, aka rushe aikin mai rantsuwar.

Mai kiran a goge fina-finan mamaci, idan tausayi ne ya motsa shi, ya kai kiran ga mai fim ɗin, ya ambaci sashen da ke da laifi, ya kuma fara da memorin wayarsa. Malaman da ke wa'azi a kan 'yan fim, daga Sakkwato zuwa Tambuwal, su haɗa da babin ijara, su gaya wa furodusoshi cewa miƙa wa ɗan wasa labari ya karanta da yanka masa lada kafin a kunna kyamara wajibi ne na shari'a. Dattawan masana'antar kuma su tambayi abin da za a jingina wa furfurarsu kafin su ɗaura rawanin, ko da tambayar za ta sa a kira wani.